Kafin Ka Jefa, Ka Kira Sunansa

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Malam Haladu, makwancinsa. Mutanen yankin Dayi da Malumfashi ba kasafai suke kiransa da wannan sunan ba. Malam Totuwa suka sani, malamin Turancin nan mai ido ɗaya da ke fitar da ɗalibai waje su yi ta jifa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin gona da ya yi ritaya, yanzu ina zaune a Funtua ina fama da ciwon gwiwa da hayaniyar jikoki. Duk shekara idan ruwan farko ya sauka, aka fara fito da shanun huɗa, sai ya faɗo mini a rai. Abin mamaki, ba ranar rasuwarsa ce take fara zuwa mini ba. Wata la'asar ce, 'yan shekaru kafin nan, da ran wani mutum mai suna Ja'e ya koma hannun mutanen ƙauyenmu, kowa riƙe da dutsensa, yayana kuma ya shiga tsakani ba shi da komai sai darasin da na daɗe ina yi wa dariya.

Dole in fara da darasin, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba.

Mahaifinmu magini ne, na ginin ƙasa. Idan yana kan katanga, akwai mai tsayawa a ƙasa yana cilla masa tubali da curin laka, shi kuma yana cafewa yana jerawa. Ni da Yaya duk mun yi masa wannan aikin. Baba yana da doka ɗaya da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba ka sakin tubali sai ka kira sunan mai karɓa, ka jira ya dube ka, ya buɗe hannu. Ko da ka ga ya riga ya miƙo hannun, sai ka kira. Ya ce ya taɓa ganin tubali ya zubar wa wani magini haƙoran gaba, don kawai mai jifan ya ɗauka ana kallonsa. Ni da na girma na watsar da dokar tare da ƙaiƙayin laka. Yaya kuwa ya ɗauke ta ya kai aji.

A ƙaramar sakandaren ƙauyenmu yake koyarwa. Idan aka zo kan kalmomin Turanci na jifa da tura abu da motsa shi, ba ya taɓa allo tukuna. Sai ya sa a kwaso totuwar masara cike da kwando, da tsohuwar tayar babur, da buhun ƙaiƙayi, a fita gindin ɗorawar da ke bayan ajujuwa. Yakan ce Bature ma kamar mu yake, bai yarda a ce jifa kawai a wuce ba. Wanda ya cilla totuwa a hankali don abokinsa ya cafe, toss ya yi. Wanda ya tattara ƙarfinsa duka ya wurga ta ta tsallake katangar makaranta, wannan hurl ne. Wanda ya yi wurgi da ita cikin fushi, bai damu da inda za ta sauka ba, fling. Taya kuwa a gangara ta, a ce roll. Buhu a ja shi a ƙasa, a ce drag, yara suna tari suna dariya. Kullum da abu ɗaya yake rufe darasin, wanda ya ce ya fi kowanne sauƙi amma an fi mantawa da shi: drop, ka buɗe hannunka kawai, abin ya faɗi a gabanka.

Dokar Baba tana nan a kan kowane ɗalibi, har da ƙari. Hannu ba ya motsi sai ka kira sunan wanda za ka jefa wa, ka jira ya dube ka, sannan ka faɗi da bakinka, da Turanci, abin da hannun naka zai yi. Wanda ya ce toss zai yi ya ɓige da hurl, sai ya je ya ɗauko totuwar ya sake. Wanda kuwa ya jefa bai kira suna ba, ranar shi ne da tsintsiya a gindin ɗorawa.

Iyaye sun kai ƙara wurin shugaban makaranta ba sau ɗaya ba. Wani dattijo ya ce shi ɗansa tun a gona ya ƙware da jifa, tsuntsu ba ya sauka a dawarsu, Turanci ya turo shi ya koya. Ni ma ban raga masa ba. Nakan ce masa duk karatun da ya je Zariya ya yi ya ƙare a totuwa, kuma ban taɓa ganin Turancin da ya hana tsutsa cin auduga ba. Shi kuma ya kira ni malamin tsutsa, ya ce kalmar da yaro ya haddace da baki kafin damina ta wuce ya zubar da ita, wadda ya yi da hannunsa kuwa tana nan har ya yi furfura. Haka muke, mu kwana biyu ba mu yi musu ba sai matanmu su fara tambaya ko lafiya.

A shekarar da nake ba da labari, satar shanu ta fara zama ruwan dare a yankinmu. Ba ta kai inda ta kai daga baya ba, amma mutane sun fara kwana da kunne ɗaya a turke. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa, kowa na gyaran garma, sai aka wayi gari an kwance bijiman huɗa na gidan su Lawal. Lawal tsohon ɗalibin Yaya ne, a lokacin ya yi aure, shi ke riƙe da gidansu tun da mahaifinsa ya kwanta ciwo. Wanda bai yi noma ba ba zai san abin da ake nufi da rasa shanun huɗa a farkon damina ba. Ba shanu kawai aka ɗauke ba, abincin shekara aka ɗauke, nasu da na maƙwabtan da ke jiran a gama a zo gonarsu.

Ja'e kuwa daga rugar da ke hayin rafi yake. Kakansa ne ya kafa ta, kuma shi kansa Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da Fulatanci. Matarsa ce ke kawo mana nono har ƙofar gida. Ya san ciwon dabbobi, don haka 'yan kwanaki kafin satar, Lawal da kansa ya kira shi ya duba kofaton ɗaya daga cikin bijiman da ya kumbura. Wannan alherin ne ya zame masa laifi. Aka fara cewa wane ne baƙon da ya shiga turken ya ga yadda ake ɗaure su in ba shi ba. Wani ya ƙara da cewa ya gan shi a bakin rafi yana waya yana waige-waige. Kafin ranar kasuwa, magana ta gama nuna, shi kaɗai ne bai ji ba. Da ya ji, da bai shigo sayen kanwar shanu ba.

Ina zauren Yaya bayan la'asar muna musu a kan irin masara, sai ga mai ƙosan bakin kasuwa a guje, mayafinta a hannu. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce an kama Ja'e wajen kwalbatin da ake ginawa, za su kashe shi. Na kuwa san tulin duwatsun da aka zube a wurin. Mai gari ya tafi ta'aziyya Bakori, liman tsoho ne da sai an riƙe shi yake zuwa masallaci. Na kira 'yan sanda, suka ce mota na tahowa daga Malumfashi. Na san hanyar, na kuma san abin da ruwa ya yi mata. Ina sauke wayar na ga Yaya ya riga ya sa takalmi.

Na riƙe masa hannun riga na ce, "Yaya, mutanen nan ba ajinka ba ne."

Ya ce, "Rabinsu ajina ne. Tayar da babur."

Na taɓa ganin taro mai ihu, kuma mai ihu bai ba ni tsoro kamar wannan ba. Da muka isa, ihun ya riga ya wuce. Mutane sun yi da'ira, sun bar fili a tsakiya, suna numfashi kawai. Ja'e yana zaune jingine da bangon wani shago, riga a yage, leɓe a fashe, kanwarsa warwatse a ƙasa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Kowa da dutse a hannu, har da mutanen da na san ko kaza ba sa iya yankawa. Kowa na jiran wani ya fara. Abin da na lura da shi, wanda har yau yake damuna, babu mai ambaton sunansa. Ɓarawon, infoman ɓarayi, mutumin nan. Kuma yawancinsu sun sha furar da aka dama da nonon gidansa.

Yaya ya sauka daga babur ya ratsa su a hankali, yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar a hanyar masallaci ya same su. Wane, ya ruwa? Wane, an fara shuka? Wasu suka amsa don bakinsu ya saba, wasu suka kau da kai. Ni ina biye da shi. Na ɗauka zai tsaya gaban Ja'e ya kare shi da jikinsa, kamar yadda mai hankali zai yi in har ya yanke shawarar yin wauta. Bai yi haka ba. Ya kama hannun Ja'e ya tayar da shi tsaye, ya ce masa ya ɗaga kai ya dubi mutane, sannan ya tsaya a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ya bar shi a fili. A raina na ce yau yayana ya haukace, zai sa a kashe su su biyu.

Bai ɗaga murya sosai ba, muryar aji ya yi amfani da ita. Ya ce, "Ban zo hana kowa ba. Ban san wanda ya kwance shanun nan ba, ku ma ba ku gani da idonku ba. Amma duk wanda ya zauna a ajina ya san doka. Wannan sunansa Ja'e. Mai jifa ya fito gaba, ya kira sunansa, ya jira ya dube shi, ya faɗi abin da hannunsa zai yi. Yau na yafe Turanci, ku faɗa da Hausa."

Wani ya yi wata irin dariya mara daɗi. Wani babban mutum daga gefe ya ce nan ba makaranta ba ce, Malam ya matsa in yana son kansa da lafiya. Da'irar ta ƙara matsowa, na ji kafaɗun mutane a bayana. Na dubi hanyar Malumfashi, babu ko alamar mota. Yaya bai kula mai maganar ba. Idonsa ya bi fuskoki har ya sami wadda yake nema, ya ce wa Lawal shi aka yi wa sata, don haka shi ne zai fara.

Lawal ya fito. Ƙato ne, ya fi Yaya tsawo nesa ba kusa ba, idanunsa sun yi jajir, dutsen da ke hannunsa ya cika tafin. Na san halin da yake ciki, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban tausaya masa ba. Tsoho a kwance, mata da goyo, gona a jiƙe babu abin huɗa, ga gari duka ya taru ya nuna masa mutum ɗaya ya ce ga wanda ya jawo. Ya tsaya inda dutse ba zai yi kuskure ba. Ya ɗaga hannu. Na rufe ido na buɗe. Hannun yana sama bai sauko ba, don bakinsa bai yi nasa aikin ba tukuna, kuma shekarun gindin ɗorawa ba su bar shi ya tsallake ba.

Ya ce, "Ja'e."

Ja'e ya dube shi, ya ce, "Na'am."

Ba na tsammanin ya yi niyyar amsawa. An kira sunansa ne, bakinsa ya amsa kamar yadda yake amsawa tun yana yaro, kamar yadda ya amsa ranar da Lawal ɗin ya kira shi duba kofato. Amma wannan na'am ɗin ta ratsa wurin. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Lawal ya juya wajen Yaya, ya ce Malam, shanuna. Yaya ya ce ya sani, wallahi ya sani, saura ya faɗi abin da hannunsa zai yi. Lawal ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Abin da zai faɗa kalma ce da kowa a wurin ya sani, amma babu mai iya faɗa wa mutumin da ke kallonsa cikin ido. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga ƙarshe hannun ya sauko, yatsun suka buɗe, dutsen ya faɗi kusa da ƙafarsa. Ko ni da ban taɓa zama a ajin Yaya ba na san sunan abin da Lawal ya yi.

Na ji duwatsu suna faɗuwa nan da can. Ba duka ba, kada in yi wa labarin kwalliya. Wasu sun ci gaba da riƙe nasu, sun dai saukar da hannu. Har na fara sakin numfashi, sai wani dutse ya taso daga can baya, ta saman kawunan mutane, babu wanda ya kira sunan kowa. Ya sami Yaya a idon hagu. Ƙarar da ya yi ba zan kwatanta ta a jarida ba. Ya durƙusa, jini na bin yatsunsa yana sauka a farar rigarsa.

A nan ne wuri ya kusa ɓaci gaba ɗaya, don tsofaffin ɗalibansa sun juya baya suna neman wanda ya yi jifan, wasu har sun sake sunkuyawa ƙasa. Ni kaina da na ga mutumin a lokacin, ban san abin da zan aikata ba. Yaya, yana durƙushe, hannu a ido, ya ce kowa ya tsaya inda yake, kada wanda ya nemi kowa. Sai da ya maimaita kafin aka ji. Lawal ya tako ya tsaya gaban Ja'e, ya juya wa taron fuska, ya harɗe hannu. Wasu samari suka zo suka tsaya kusa da shi. Na yage hannun rigata na ɗaure wa Yaya kai, na roƙe shi mu tafi asibiti, ya ce ba inda za shi sai motar ta iso. Haka muka tsaya, shi yana jingine da ni, Ja'e yana bayan Lawal, rana tana sauka, har muka ji ƙugin mota.

Idon bai tashi ba. Likitocin Funtua sun yi iya ƙoƙarinsu. 'Yan sanda sun tafi da Ja'e, sun bincike shi, ba su sami komai ba, suka sake shi. Bijiman kuwa ba a sake ganinsu ba, kuma har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya san wanda ya kwance su. Na faɗi haka ne don akwai masu cewa Malam Haladu ya ba da idonsa a kan ɓarawo. Na yi faɗa da mutane a kan wannan magana har an daina gayyata ta wasu bukukuwa. Shi kuwa da ta kai kunnensa cewa ya yi, ko da ɓarawon ne, ai akwai alƙali, kuma alƙali ma sai ya kira sunan mutum ya dube shi kafin ya yanke masa hukunci.

An kawo mini sunayen waɗanda ake zargi da jifan. Na je masa da su da zafina, ya hana ni ko ambatawa. Ya ce wanda ya jefa bai ga wanda zai samu ba, da ya dube shi da bai saki ba, kuma ba zai yarda a yi wa wani abin da aka so yi wa Ja'e ba. Shi ya yafe tun yana gadon asibiti. Ni ban yafe ba, kuma ba zan ɓoye ba. Duk lokacin da na tuna yadda ya koma gindin ɗorawa, ɗalibi ya kira Malam, ya cilla masa totuwa, shi kuma ya miƙa hannu ya cafi iska don ido ɗaya ba ya auna nisa, sai raina ya sake ɓaci. Shi dariya yake yi ya ce a sake. Da sannu yaran suka koyi cilla masa ta dama, a hankali, daidai tafin hannu.

Yanzu fa? Kwanakin baya ɗana ya nuna mini wani bidiyo a waya, na ce ya kashe tun bai kai rabi ba. Taro ne a wani gari da ban gane ba, mutum a tsakiya, rabin jama'a da duwatsu, rabi sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Na kasa kunne ko zan ji an ambaci sunansa, ban ji ba. Ba na raina tsoron mutanenmu. Na san gidajen da aka ɗauke musu mutum, na san gonakin da suka koma daji don ba mai iya zuwa, kuma ni da nake wannan magana ba don sha'awar birni na dawo Funtua ba. Wanda aka kwashe wa dukiya aka kuma hana shi barci, zuciyarsa takan nemi wanda za ta sauke a kansa, kuma na kusa ne ake samu. Saƙon murya ɗaya ya isa, a ce an ga wane yana waya a bakin rafi.

Nakan zauna in tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, kuma ko dabararsa za ta yi aiki yau. Gaskiya ban sani ba. Taron ranar nan maƙwabta ne, ya san su, ya san iyayensu, ya sa da yawansu shara a gindin ɗorawa. Yau an cakuɗa mutane, ƙauyuka sun watse sun haɗu a inda ba su san juna ba, kuma ba dutse kaɗai ne a hannu ba. Makarantar tasa ma ta sha rufewa da buɗewa, malaman da ke zuwa suna Allah-Allah a tashi su kama hanya da sauran rana. Amma in na san yayana, zai ce to sai malamai su ƙara yawan sunayen da suka sani. Ni kuma in ce masa wannan maganar totuwa ce, shi kuma ya ce in tayar da babur.

Ja'e bai daɗe a hayin rafi ba bayan abin nan. Ya kwashe iyalinsa da 'yan shanunsa ya koma can gaba da Bakori, wurin dangin matarsa. Yaya kuwa ciwon ƙoda ne ya yi ajalinsa, a farkon wata damina, a ɗakinsa, cikin iyalinsa. Da safe aka yi masa sallah, jama'a har bakin hanya. Muna maƙabarta, an sa shi, an jera itace a kai, ana kwaɓa laka don toshe ramukan da ke tsakanin itatuwan, sai na ga Ja'e. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya sauka daga babur, ya ratso mutane ba ya kallon kowa, ya naɗe hannun riga ya durƙusa a bakin kabarin ta wajen kai, inda masu toshewa suke.

A shekarun nan abubuwa sun ƙara lalacewa, kuma a cikin masu jana'izar akwai waɗanda suka riƙe dutse a ranar, har da, na tabbata, wanda ya saki nasa. Na ji ana gunaguni a bayana. Masu miƙa laka suka riƙa tsallake Ja'e suna ba na kusa da shi. Yana durƙushe, hannu wofi, bai tashi ba. A raina na ce kada dai a yi abin kunya a kan kabarin mutumin nan. Ina neman abin da zan ce, sai na ga wanda ke kwaɓa lakar, a ɗaya gefen tulin ƙasa, ya miƙe. Lawal ne, laka har gwiwar hannu. Ya cura ta da kyau, ya riƙe, bai miƙa wa kowa ba.

Ya ce, "Ja'e."

Ya jira. Ja'e ya ɗago, ya dube shi, ya ce na'am, ya buɗe hannu biyu. Lawal ya cilla masa curin a hankali ta saman tulin ƙasar, ya cafe, ya sunkuya ya toshe ramin da ke gabansa, ya shafe da tafin hannu. Na biyun da aka miƙa masa, daga hannun wani ya fito. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun asuba.

Idan aka ce in auna abin da ya rage na yayana bayan shekara tara, ba zan ce Turanci ba. Na haɗu da Lawal bara a kasuwar hatsi ta Funtua, na tsokane shi ya haɗa mini jimla ɗaya da toss, ya yi ta kame-kame har muka yi dariya. Ɗorawar ma an sare ta. Gidan da Yaya ya zauna wani ne a ciki. Abin da na iya lissafawa kaɗan ne: Ja'e yana raye, ya aurar da 'ya'yansa, Lawal kuma yana kwana ba da jinin kowa a hannunsa ba. Ko wannan ya kai farashin ido, tambaya ce da na daina yi, don mai idon bai taɓa yin ta ba.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya, Ya haskaka maka inda kake fiye da yadda ka gani da ido biyu, Ya sa idan an kira sunanka ranar da za a kira kowa, ka amsa da farin ciki. Mamaci a kan gefensa na dama ake kwantar da shi, gefen hagu a sama. Sai daga baya na lura cewa curin da Lawal ya cilla, Ja'e ya cafe, daidai saitin idon nan aka toshe da shi, kuma yana can har yanzu.